Natalie Maines: Jimla Ɗaya a Landan, da Abin da Ya Biyo Baya a Zaurukan Karramawa

A daren 21 ga watan Mayun 2003, a birnin Las Vegas na Amurka, mawaƙi Vince Gill ya tsaya gaban makirufo yana karanto sunayen masu takarar lambar Gwarzon Shekara, wadda ita ce babba a bikin karrama mawaƙan kantiri na ƙungiyar ACM. Da ya iso kan sunan Dixie Chicks, ƙungiyar mawaƙa mata uku, sai wani ɓangare na zauren ya ɓarke da ihu. A zauren akwai masoya, akwai kuma mawaƙa 'yan'uwansu da masu kamfanonin faifai da shugabannin gidajen rediyo, wasu cikin kwat, wasu da malafar makiyayan Texas. Sai da Gill ya tuna wa jama'a cewa kowa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa. Toby Keith ne ya lashe lambar, mutumin da a lokacin ba ya ga maciji da jagorar Dixie Chicks, Natalie Maines.

Wata huɗu kafin wannan dare, ranar 26 ga Janairu, waɗannan mata uku ne aka zaɓa su rera taken Amurka a wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, da aka yi a San Diego, taron da ya fi kowane tara 'yan kallon talabijin a ƙasar. A watan Fabrairu sun karɓi lambar kundin kantiri mafi kyau a Grammy, babban bikin karrama mawaƙa na Amurka. Tsakanin wancan tafin da wannan ihun, jimla ɗaya ce kawai.

Duk wanda ya taso yana jin Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton a gidajen rediyon Najeriya ya san sautin kantiri: jita, goge irin na Turawa, murya mai ba da labarin gona da soyayya da coci da kewar gida. Abin da mai saurare daga nesa ba zai gani ba shi ne yadda sana'ar take a dunƙule wuri ɗaya. Birnin Nashville na jihar Tennessee shi ne cibiya. Can kamfanoni suke, can marubutan waƙa suke, can ƙungiyar CMA take, wadda tun 1967 take raba lambobin yabo. Masu jefa ƙuri'ar waɗannan lambobi 'yan sana'ar ne da kansu, ciki har da ma'aikatan rediyo. A shekarun da muke magana kuwa, rediyo shi ne ƙofa. In an saka waƙarka, faifai ya saye, tikiti ya ƙare, a gayyace ka bikin karramawa ka yi wasa gaban miliyoyin masu kallo, 'yan jarida su biyo ka. In ba a saka ba, ko wane ne kai, sai ka ji shiru.

Natalie Maines 'yar wannan gida ce tun daga tushe. An haife ta a Lubbock ta jihar Texas a 1974, mahaifinta Lloyd Maines fitaccen makaɗi ne kuma mai tsara faifai. A 1995 ta shiga ƙungiyar da 'yan'uwa biyu, Martie mai goge da Emily mai banjo, suka kafa da wasu a Dallas tun 1989. Zuwanta ya canza komai. Kundinsu na 1998 da na 1999 kowanne ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka, kuma a 2000 CMA ta ba su Gwarzon Shekara. Tun a lokacin an san ta da baki. A 2002 ta fito ta ce waƙar da Toby Keith ya yi bayan harin 11 ga Satumba, mai cike da barazanar ramuwa, waƙar jahilci ce da ke zubar da mutuncin kantiri. Shi kuma ya riƙe.

Ranar 10 ga Maris 2003 suka buɗe rangadinsu a gidan wasa na Shepherd's Bush Empire a Landan. Saura kwana goma a fara yaƙin Iraƙi, kuma ba a fi wata guda ba da dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Landan suna zanga-zangar ƙin yaƙin. Tsakanin waƙa da waƙa Natalie ta ce wa 'yan kallo: "Don ku sani, muna tare da ku. Ba ma son wannan yaƙi, wannan tashin hankali, kuma muna jin kunyar cewa shugaban Amurka ɗan Texas ne." Zauren ya ɗauki tafi, aka ci gaba da kiɗa. Babu wanda ya ɗauka an yi wani abu.

Jaridar Guardian ce ta kawo maganar a sharhinta na wasan, kuma ba ta kawo ta duka ba: ɓangaren jin kunyar nan kaɗai ya fito. Shi ne ya tsallaka teku. A lokacin babu Facebook, babu Twitter, amma akwai zaurukan intanet na masu ra'ayin riƙau da shirye-shiryen rediyo na siyasa, kuma cikin kwana biyu wayoyin gidajen rediyon kantiri suka fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai, kamar yadda suka yi ta nanatawa, ba sukar George Bush ba ce kawai. Cewa suke ta je ƙasar waje ta tona asirin gida, ana jajibirin tura 'ya'yansu fagen daga. Abin mamaki, waƙarsu da ke kan gaba a jadawalin kantiri na mujallar Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe, a wannan makon, "Travelin' Soldier", labarin wani matashin soja ce da ya tafi Biyetnam bai dawo ba. Cikin 'yan makonni ta ɓace daga jadawalin gaba ɗaya.

A nan aikin fuskantar 'yan jarida ya fara, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau. Ranar 12 ga Maris Natalie ta fitar da sanarwa ta farko. Ba ta janye komai ba. Ta ce takaici ne ya sa ta yi magana, don tana ganin shugaban yana watsi da ra'ayin Amurkawa da yawa, yana kuma raba ƙasar da sauran duniya. Wutar ba ta lafa ba. Ranar 14 ga wata sai ga sanarwa ta biyu: ta nemi afuwar Shugaba Bush saboda kalamanta rashin ladabi ne, ta ce duk wanda ke kan wannan kujera ya cancanci girmamawa, amma a matsayinta na uwa tana son a gwada kowace hanya kafin a salwantar da rayukan yara da na sojoji.

Sanarwa biyu cikin kwana uku, ɗaya tana tsaye, ɗaya ta ɗan rusuna. A ganina wannan ne wuri mafi rauni a duk tafiyar. Masu fushi suka ce ba da zuciya ɗaya ta nemi afuwa ba, tsoron asarar kuɗi ne. Masu goyon bayanta suka ce ta karaya. Ta biya kuɗin ban haƙuri, ba ta samu kayan ba. Sai dai kuma, in za a yi adalci, da wuya a ce akwai kalmomin da za su iya kashe wutar a wannan makon, domin hukuncin ba a shafin jarida ake yanke shi ba.

A ofisoshin kamfanonin rediyo ake yanke shi. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin Amurka, don haka zuwa 2003 'yan kamfanoni kaɗan ke riƙe da ɗaruruwan tashoshi. Kamfanin Cumulus ya ba da umarni daga hedikwata a daina saka Dixie Chicks a tashoshinsa 42 na kantiri har kwana 30. A yankin Shreveport na jihar Louisiana, wata tashar kamfanin ta shirya gangami, mutane suka zo da faifan ƙungiyar suka zube a ƙasa, tarakta ta bi ta kai. A Colorado Springs an dakatar da ma'aikatan rediyo biyu don sun saka waƙarsu. Da ɗan jarida ana iya jayayya: ya tambaya ka amsa, ya murɗe magana ka fito ka gyara. Rediyo ba ya tambayar kowa komai. Cire ka yake yi daga jeri, mai sauraro a mota ya wayi gari babu kai, shi ke nan.

Da suka fahimci lallashi ba zai yi ba, sai suka juya. Ranar 24 ga Afrilu suka zauna da Diane Sawyer a tashar ABC. Natalie ta yarda cewa ba ta zaɓi kalmomi daidai ba, amma ta ce ba ta nadamar yin tambaya maimakon bin ayari ido rufe. A makon ne kuma mujallar Entertainment Weekly ta fito da su a bangonta, su uku babu sutura, sun kare jikinsu da hannuwa da ƙafafu, an rubuta musu a fata sunayen da ake jifansu da su: maciya amana, mala'ikun Saddam, da wasu da ba za su faɗu ba, haɗe da na yabo irin su jarumai da 'yancin magana. Hoton ya zaga duniya. Ya jawo musu tausayin masu karanta mujallu a New York da Los Angeles, amma ga mai zuwa coci a ƙauyen Alabama, wanda shi ne ainihin mai sayen faifan, ƙarin hujja ce kawai aka ba shi. Ko sun sani ko ba su sani ba, daga ranar suka fara magana da wasu masu sauraro dabam.

Shi kuwa Bush, da Tom Brokaw na NBC ya tambaye shi, bai nuna zafi ba. Ya ce suna da 'yancin faɗin abin da ke ransu, amma kada su ji haushi in wasu sun ƙi sayen faifansu, domin 'yanci hanya ce mai zuwa da dawowa. Maganar tana da daɗin ji, kuma da a ce mai saye ne kawai ya juya baya, da ta zauna daidai. Wanda ya nuna inda ta gaza ɗan jam'iyyarsa ne, Sanata John McCain, mai goyon bayan yaƙin. A watan Yuli, a zaman kwamitin kasuwanci na majalisar dattawa, ya titsiye shugaban Cumulus, Lew Dickey, kan yadda hedikwata ɗaya za ta toshe bakin mawaƙa a tashoshi da dama lokaci guda. Manajan ƙungiyar, Simon Renshaw, shi ma ya ba da bahasi a zaman. A cikin dattawan kantiri, Merle Haggard na daga cikin 'yan kaɗan da suka fito suka ce abin da ake yi wa matan nan ya wuce gona da iri. Mafi yawa suka ja bakinsu suka yi gum.

Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a filin wasa lamarin bai kai yadda ake zuzutawa ba. An sayar da mafi yawan tikitin rangadin Amurka tun kafin rikicin. A wasan farko, ranar 1 ga Mayu a Greenville ta Carolina ta Kudu, tsakiyar yankin masu ra'ayin riƙau, Natalie ta fito ta ce wa jama'a duk wanda ya zo don ya yi ihu, ta ba shi daƙiƙa 15 ya amayar da abin da ke cikinsa. Sai wurin ya kaure da shewa da tafi. Wannan dabara ta fi duk sanarwar da aka rubuta mata aiki.

Mako uku bayan haka sai bikin ACM da muka fara da shi. Ba su je Las Vegas ba. Daga birnin Austin na Texas aka haɗa su ta tauraron ɗan'adam suka yi waƙarsu. Kafin nan Toby Keith ya riga ya ɗauki al'adar haska wani hoton bogi a wasanninsa, wanda aka haɗa fuskar Natalie da Saddam Hussein. Ita kuma ta hau dandamali da riga mai haruffa huɗu a ƙirji: FUTK. Duk wanda ya iya Turancin titi ya gane ashar ce aka ɗura wa Keith, harafi biyun ƙarshe sunansa ne. Mai magana da yawunsu ya ce a'a, wai taƙaitawa ce ta wasu kalmomi kan abota da gaskiya da kirki. Babu wanda ya yarda, kuma daga baya ita da kanta ta amsa cewa abin da mutane suka zata shi ne. Rigar ta ba ta daɗin ramuwa na dare ɗaya. Amma ta mayar da batun 'yancin magana da yaƙi zuwa cacar baki tsakanin taurari biyu, irin abincin da jaridun gulma suka fi so, kuma ƙaryar da aka yi don kare ta ta rage wa Natalie abin da take taƙama da shi, wato faɗin gaskiya komai ɗacinta.

Sai abin ya wuce wasa. Aka aiko da wasiƙa mai cewa za a harbe ta a wasan Dallas na ranar 6 ga Yuli, an ambaci rana da wuri. 'Yan sanda suka ɗauki barazanar da gaske, aka kafa na'urorin binciken ƙarfe a ƙofofi, aka rako ta daga filin jirgin sama zuwa zaure, aka mayar da ita bayan an tashi. Ta hau ta yi waƙar, a garin da aka kafa ƙungiyar. Kafin shekarar ta ƙare Martie ta shaida wa mujallar Der Spiegel ta Jamus cewa ba sa jin su 'yan gidan kantiri ne kuma. A 2004 suka bi sahun Bruce Springsteen da wasu a rangadin neman a kayar da Bush a zaɓe. Bush ya ci.

Shekara uku bayan Landan suka dawo da kundin Taking the Long Way, wanda Rick Rubin ya tsara a Los Angeles, nesa da Nashville. A wannan karon ba su tsaya jiran tambaya ba. Waƙar farko da suka saki, "Not Ready to Make Nice", da kanta amsa ce: ba su shirya sulhu ba, har wasiƙar Dallas an ambata a ciki. A hira da mujallar Time a Mayun 2006, Natalie ta janye afuwar da ta nema, ta ce yanzu ba ta ganin Bush ya cancanci wata girmamawa. Martie kuma ta ce gara musu masoya kaɗan masu fahimta da tarin waɗanda ke jera faifansu da na Reba McEntire da Toby Keith. Wannan maganar ta Martie ta fi ta Bush ciwo a wurin talakan mai sauraro, don shi aka raina kai tsaye, har da wanda bai taɓa taka faifan kowa ba.

Sakamakon ya rabu biyu. Kundin ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na ɗaya, da kwafi sama da 500,000 a makon farko, ba tare da taimakon rediyon kantiri ba, inda waƙar ta tsaya a lamba 36. Amma tikiti ya ƙi sayuwa a garuruwa da dama na Kudu da tsakiyar ƙasar, aka soke wasannin wurare irin su Houston, aka ƙara na Kanada. A shekarar ne Barbara Kopple da Cecilia Peck suka fitar da fim ɗin Shut Up and Sing, da aka ɗauka ana bin su da kyamara har cikin tarukan sirri da manaja da masu kula da hulɗa da jama'a. Wannan ma hanya ce ta fuskantar jarida: ka riga kowa ba da labarinka. Lokaci kuma ya taimaka musu, domin zuwa 2006 ba a samu makaman da aka ce Iraƙi ta ɓoye ba, farin jinin Bush kuma ya zube.

Ranar 11 ga Fabrairun 2007, a Los Angeles, Joan Baez, tsohuwar mawaƙiyar da ta yi suna wajen adawa da yaƙin Biyetnam, ita ta gabatar da su a bikin Grammy. Suka tashi da lambobi biyar, duk waɗanda suka yi takara: kundin shekara, faifan shekara, waƙar shekara, kundin kantiri mafi kyau, da ta ƙungiyar kantiri. Da ta karɓi ta kundin kantiri, Natalie ta kwaikwayi dariyar ƙeta ta wani yaro a wasan zanen The Simpsons, "ha-ha". Can gaba ta ce yanzu kam ta shirya sulhu. Masu zaɓen Grammy mawaƙa ne da masu tsara sauti daga kowane fanni, ba 'yan Nashville kaɗai ba, kuma ita kanta ta faɗa a dandamalin cewa tana ganin mutane 'yancinsu na magana suka yi amfani da shi ta waɗannan lambobi. Wato ta san ba kiɗa kaɗai aka zaɓa ba. Kundin da Grammy ta ce ya fi kowane a shekarar, CMA ko takarar kundin shekara ba ta sa shi ba. Bayan bikin waƙar ta haura zuwa lamba 4 a babban jadawalin Amurka. Rediyon kantiri bai motsa ba.

Sai a ranar 2 ga Nuwamban 2016 suka sake hawa dandamalin CMA, a bikin cika shekara 50, kuma ba don Nashville ta neme su ba: Beyoncé, 'yar Texas kamar su, ita ta zo da su suka yi waƙarta tare, saura kwana shida a yi zaɓen da ya kawo Donald Trump. Aka sake tayar da ƙura a intanet, wannan karon har da zagin launin fata, wasu na cewa baƙar mace ba ta da gurbi a kantiri. Abin dariya ne in aka tuna cewa banjon da Emily ke kaɗawa asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, dangin molo da gurmi, bayi ne suka tsallaka da fasaharsa. Beyoncé ma daga baya ta ɗanɗana irin rabon da aka yi musu: kundinta na kantiri na 2024 bai samu takara ko ɗaya a CMA ba, amma a Fabrairun 2025 Grammy ta ba shi kundin shekara da kundin kantiri mafi kyau.

Tabon ya daɗe a jikin 'yan baya. Taylor Swift, wadda a kantiri ta fara, ta shaida wa Guardian a 2019 cewa abu na farko da ake cusa wa duk mai tasowa a sana'ar shi ne kada ya zama kamar Dixie Chicks. Ita ma sai a 2018 ta fara bayyana ra'ayinta na siyasa a fili, bayan ta riga ta bar hannun rediyon kantiri.

A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan George Floyd, suka cire kalmar Dixie daga sunansu saboda alaƙarta da jihohin Kudu na zamanin bauta, suka zama The Chicks. Ba su kira taron manema labarai ba, sun canza sunan a shafukansu ne tare da gajeriyar jimla cewa suna son tafiya da zamanin da ake ciki. A watan Agusta suka sake rera taken Amurka, a babban taron jam'iyyar Democrat da ya tsayar da Joe Biden. Annobar korona ta hana taruwa, don haka ta bidiyo aka nuna su, muryoyi uku babu kiɗa.